Dinyar da Muka Ci a Tamawa

Warin man keken ɗinki da hayaƙin ashana ne ke fara zo mini duk lokacin da aka ce in ba da labarin tafiyata Tamawa. Da man keke Baffa yake goge bindigarsa. Ashanar kuwa ƙyasta ta yake yi, ya kara harshen wutar a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke tsaye a bakin bindigar har hayaƙi ya baƙanta shi, don kada rana ta sa shi ƙyalli ya ruɗi ido. Safiyar da za mu madatsar ruwa ta Zobe ina zaune kusa da shi yana wannan aiki. Warin ya kama mini mayafi, na dawo Kano na daɗe ban wanke shi ba.

Tun da ƙawayena suka ga hotona riƙe da dinya, babbar agwagwar dajin nan, suka hana ni sakat. Wannan ta ce ni na harbe ta? Waccan ta ce ban ji tsoron hanya ba? Na sha ba su labarin guntu-guntu, kullum kuma sai in ga na tsallake abin da ya fi damuna a ciki. An yi damina, an sake yin wata. Yau dai na zauna in faɗe shi daga farko.

Baffa Sule yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifina ya bi boko ya zauna a Kano, a nan aka haife mu, a nan kuma ya rasu ina ƙaramar sakandare. Baffa ya zauna a Tamawa, can ƙasar Kurfi, yana noma da damina yana harbi da rani. Ban san shi sosai ba, sai a biki ko ta'aziyya. Amma bindigarsa na san ta kamar na taɓa riƙe ta, domin babu labarin da mahaifina ya fi son ba mu kamar nata. Gadon kakanmu ce, doguwa, harsashi ɗaya take ci, kuma a cewarsa Baffa ba ya harbi biyu a kan abu ɗaya.

Sai labari ya iso mana cewa ganin Baffa ya fara dushewa, babban ɗansa, Yaya Lawal, ya ce zai karɓi bindigar ya kulle. Ba rashin kunya ba ce ta sa shi. Zamani ya canja, dajin yamma da Baffa ya ci ƙuruciyarsa a ciki ya zama wurin da ba a shiga, kuma tsoho mai raunin gani da makami a kafaɗa, ko shi ya yi kuskure a kan ɗan maraƙin wani, ko wani ya yi kuskure a kansa. Baffa ya ce ranar da za a raba shi da ita, a zo da likkafaninsa gaba ɗaya. Matarsa, Inna Hajo, ita ta raba gardamar. Ta ce a bari a gama girbi, a je Zobe inda hankali ke kwance, ya harbo tsuntsu ɗaya a gaban Lawal. In ya kawo, bindiga tasa ce, ba mai sake magana. In ya kuskure, ya miƙa ta da hannunsa. Uba da ɗa suka yarda.

Da yayana Bashir ya ji haka, sai ya shiga Sabon Gari ya sayo madubin hangen nesa, irin wanda ake ɗaura wa bindiga a bisa. Ya ce da wannan ko makaho ya harbi sauro. Na ce zan bi shi. Mama ta tambaye ni me ya haɗa mace da farauta, na ce gaisuwa zan je. Gaskiyar ita ce, kowa na cewa ba a bambance muryar Baffa da ta mahaifina, ni kuma na fara manta yadda tasa take.

Mun hau mota da hantsi, an cusa mu a baya kamar kayan wanki. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sarin atamfa, tun kafin mu fita gari ta ɗora mini ƙullinta a cinya, ta ce yarinya ce ni, cinyata ba ta san ciwo ba tukuna. Bashir ya riga ya tura madubin cikin jakata a tsakanin mayafai, wai ba a bincikar kayan mata. Muka wuce Bichi, muka wuce Tsanyawa. Gonaki duk an girbe, an tsayar da karan dawa rukuni-rukuni kamar dattawa masu shawara. A wurin allon da ke nuna an shigo jihar Katsina, mahaifina kan sauke gilashi ya ce mu shaƙi iskar gida. Tun daga Kano nake jiran wurin. Da muka iso na lalubi hannun sauke gilashin, sai na tarar babu. Direba ya ce yana aljihunsa, fasinja ke karya masa, sai mun tsaya zai ba ni. Haka na shiga ƙasar ubana ina shaƙar turaren Hajiya da warin fetur.

Bayan mun karya kwana a Kankiya taya ta yi faci, don haka sai la'asar muka shiga Dutsin-Ma. Garin ya fi yadda na zata hayaniya: babura, a-daidaita-sahu, ɗaliban jami'a da jakunkunansu, masu kifi suna kora ƙuda da kwali. A gidan Gwaggo muka sauka, ƙanwar su Baffa, bayan kasuwa. Nan na fara gane cewa gaisuwarmu ta Kano tsaye-tsaye ce. A can sai ka durƙusa, ka gaida mutum, ka gaida gajiyarsa, ka gaida iyalinsa, a yi shiru kaɗan, sannan a sake daga farko. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin 'ya'yan marigayi, kafin magariba gwiwoyina sun daina zama nawa. Gwaggo ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, da soyayyen kifin Zobe wanda ta ce da safe yana ruwa. Duk lokacin da na ce na ƙoshi sai ta ƙara mini, daga baya Bashir ya raɗa mini cewa in bar ɗan saura a kwano, shi ne kaɗai maganar da take ji. Da ta ga madubin ta juya shi a hannu, ta ce Allah ya sa ya karɓa, amma ita ta san yayanta, ko tabarau da aka yanka masa a asibiti yana cikin tukunyar iri.

Washegari muka hau bas zuwa Kurfi. Tsakanin garuruwan biyu akwai shingen bincike, an jera buhunan yashi da itatuwa a kan titi. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Ashe ana bincikar kayan mata. Wata mata suka ajiye musamman don haka, ta zura hannu cikin mayafaina ta zaro madubin, ta ɗaga shi sama kamar ta kamo maciji. Fasinjoji suka ja da baya daga gare ni. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini a wuri ɗaya haka ba. Bashir ya shiga dogon bayani, yana yi yana ƙara ruɗa kansa.

Wani dattijo cikin masu sintirin, mai furfura a gemu, ya tsayar da shi, ya juyo gare ni ya ce wa za mu kai wa. Na ce Baffana, Malam Sule na Tamawa.

"Sule maharbi?" Ya yi dariya har yana dafa buhun yashi. "Shi za a sa ma madubi?"

Sai dariyar ta tsaya masa ita kaɗai. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce a hankali, "Ashe har an zo nan."

Ya kira Yaya Lawal a waya ya tabbatar, sannan ya kara madubin a ido ya daɗe yana kallon duwatsun da ke nesa. Sauran ma kowa ya ce sai ya leƙa, har matar da ta kama ni. Direba na ta hon, wata tsohuwa mai ƙwaryar nono tana ta faɗa wai 'yan birni sun ja mata rana. Da muka koma mota ita ce ta fara roƙona in ba ta ta gani.

Daga Kurfi babur muka hau, hanyar burji ce mai ratsa gonaki. Mun tarar da Baffa zaune a gindin tsamiyar ƙofar gida. Ya miƙe da jin tsayuwar babur, dogo, ƙashinsa irin na mahaifina, amma kallonsa bai sauka a kan fuskata ba, ya ɗan kauce gefe. Sai da na yi sallama ya daidaita.

"Uwata ce?" ya ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ya faɗinsa. "Taho nan in ga ko Kano ta rage mani ke."

Ba su yi ƙarya ba. Muryar ce, har da ɗan karyewar nan a ƙarshen magana. Na durƙusa ina amsa gaisuwa, ban san lokacin da na rufe ido ba.

Tamawa ba ta da abin nuna wa baƙo, amma na so ta. A ɗakin Inna Hajo na sauka, a kan gadon ƙarfe, gefe ga jeren kwanukanta har kusa da rufi. Da safe koko da ƙosai, da rana fura wadda wata Bafulatana ke kawo nononta da ɗumi. A Kano kowa na kulle da ƙofarsa, a can kuwa kwanon abinci ke yawo ta kan katanga, ba ka sanin girkin wa kake ci. Abu ɗaya ne ya yi mini nauyi: da la'asar ta yi sanyi kowa yake dawowa gida, kuma in babura suka wuce da yawa sai a yi shiru har ƙararsu ta ɓace.

Yammacin ranar da muka isa na roƙi Baffa ya nuna mini bindigar. Ya fito da ita daga cikin tsohon bargo, ya buɗe ya nuna mini babu komai ciki, ya sa aka kifa turmi na ɗora ta a kai. Ba ta da wani kyau. Itacen ya yi baƙi da gumin hannu, inda kumatu ke kwanciya ya loɓa kaɗan. Ya nuna mini 'yar tsaga a wani ƙarfe kusa da ido, da ɗan ƙarfen can a baki. Ya ce in nemo na gaba in zaunar da shi a tsakiyar tsagar har kawunansu su yi daidai, sannan in ɗora abin da nake so a bisansa kamar tulu a kan gammo. Na runtse ido ɗaya, ya ce a'a, duka biyu a buɗe, maharbi na son sanin wa ke tafe ta gefe.

Na auna wata ƙwarya a kan danga. Abin mamaki, ido ba ya riƙe abu uku. In na ga tsagar sosai sai ƙwaryar ta narke, in na ga ƙwaryar sai ƙarfen ya zama inuwa. Na faɗa masa. Ya ce haka Allah ya yi idon kowa, sai an zaɓa. A riƙe ƙarfen gaba, a bar tsuntsun ya dushe, ai an san inda yake. Ya ce mahaifina ya fi shi ido nesa ba kusa ba, amma shi in ya ɗora tsuntsu a kan ƙarfe sai ya tsaya kallonsa har ya tashi, kakanmu ya gaji ya kai shi makaranta. Na yi dariya, hawaye na zubo mini a kan itacen.

Na tambaye shi shi fa, yanzu me yake gani. Ya shafa itacen bindigar. Sannan ya ce tsagar ce ta fara tafiya, ta zama kamar hayaƙi, shekaru ke nan. Daga baya tsuntsun ya bi ta.

"Ƙarfen gaba dai na nan. Wani lokaci guda, wani lokaci su taho su biyu. In sun zo biyu, na hagu ne na gaskiya. Kada ki faɗa ma Lawal."

Kashegari aka kai bindigar wurin wani maƙeri a Kurfi. Baffa ya ce duk wanda ya huda ta ko ya kai mata wuta sai sun yi shari'a, don haka maƙerin ya ƙera maɗauri mai ƙusoshi, ya shimfiɗa robar taya a ƙasa, ya ɗaure madubin a kai. Da aka gama, madubin ya zauna daidai bisa tsagar ya rufe ta. Baffa ya shafa wurin da yatsa.

A bayan gari aka gwada, aka ɗora gwangwanin madara a kan suri. Babu wanda ya taɓa amfani da irin wannan abu a cikinmu, don haka babu wanda ya san ana barin tazara tsakaninsa da ido. Baffa ya kwantar da kumatu inda ya saba tun yana saurayi, ya manna ido a jikin gilashin. Bindigar kuwa tana da hauri kamar jaki. Ƙara na tashi bakin madubin ya sare shi a gira, jini ya sauko masa har gemu. Inna ta wanke da ruwan gishiri tana yi masa tsiya, wai shekara da shekaru yana harbin namun Allah, yau dai bindiga ta rama musu. Ya ce ta ɗaure ta ba shi wuri. Bashir ya hau kan suri yana neman sabis, ya kalli a wayarsa yadda ake murɗa ƙusoshin saita madubin, aka yi ta gwadawa ana gyarawa. Can sai gwangwanin ya yi tsalle ya faɗa bayan surin. Aka mayar, ya sake tsalle. Bashir ya rungume ni a gaban mutane don murna, har Yaya Lawal na ga ya saki fuska.

A hanyar komawa ina riƙe da hannun Baffa, na ce yaya ya gani. Ya ce ya ga har rubutun jikin gwangwanin, rabonsa da ganin abu tas haka tun kafin a aurar da autarsa. Ya yi 'yan taku, sannan ya ce amma kamar leƙen rijiya ne. Bai ga surin ba, bai ga gonar ba, bai gan mu ba.

Ranar Zobe bayan sallar asuba muka tashi a motar wani abokin Yaya Lawal, bindiga naɗe cikin tabarma, takardar izininta a aljihun Lawal. Ya so a bar ni a gida, ya ce ba a zuwa harbi da mace. Baffa ya ce da uwarsa zai je, wanda bai so ba ya sauka. Muka sake ratsa Kurfi da Dutsin-Ma, muka gangara kudu. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Gefensa duk lambuna ne, tumatir da albasa, injinan ban-ruwa na ta tari, hayaƙin masu banda kifi na kwance bisa ruwan.

A bakin ruwa wani tsohon masunci ke jiranmu da kwalekwalensa, gajere, baƙi, sunansa Mamman. Bakabe ne, ya zo Zobe tun yana saurayi, kuma abokin Baffa ne na shekaru. Tun daga nesa ya fara.

"Bakatsine, wa ya sare ka a gira? Ko matarka ta gaji da kai? Kuma mi ne ne wanga ka ɗora ma bindiga, tsarabar Makka?"

"Na zo in nuna maka nama mai jini, bawana, ka huta da tsintar ƙaya."

Na tsorata da jin irin maganganun, sai Yaya Lawal ya ce mini wasa ne tsakanin Kabawa da Katsinawa tun kakanni, in ba su zagi juna ba to ɗaya ba shi da lafiya. Mamman ya ce dinyoyi na sauka a wani lungu bayan ciyayi, ya san wurin. Ya kuma tuna wa kowa ƙa'ida: duk abin da aka harba a ruwa, mai kwalekwale ke rugawa ya yanka shi kafin rai ya fita, kuma wuya da ƙundu nasa ne, kada Bakatsine ya ce ya manta.

Muka bi gefen ruwa a hankali har muka hango su, manya, baƙi da fari, suna kiwo a bakin ciyayin. Mamman ya zauna cikin kwalekwale da wuƙa a ƙugu. Baffa ya durƙusa bayan wani dutse, ya warware tabarma. Sai na ga ya zaro 'yar wuƙarsa ya sa tsininta a kan ƙusar maɗaurin ya fara kwancewa.

Bashir ya matso yana raɗa, yana roƙonsa don Allah don Annabi, ya ce jiya-jiya ya ga yadda abin ya yi. Yaya Lawal ma ya durƙusa, ya ce, "Baba, ni ban hana madubi ba. Da shi ko ba shi, in ka kawo shi ke nan."

Baffa bai ɗago ba. "Tambayarka ita ce ko ina gani. In na harba da wannan, madubin ka tambaya, ba ni ba."

Ya miƙo mini madubin, na riƙe shi da ɗuminsa. Ya sake ƙyasta ashana ya baƙanta ƙarfen gaba, ya sa harsashi, ya kwantar da kumatu a inda itacen ya loɓa. Ina gefensa, ina ganin idanunsa duka biyu a buɗe, ɗaya a kumbure ƙarƙashin ɗauri, ruwa na taruwa a cikinsu. Leɓensa ya motsa da bisimilla. Ya daɗe. Ni kuma ina ta roƙon Allah abu ɗaya, ya sa ƙarfen ya zo masa shi kaɗai.

Ƙarar ta bugi ruwan ta dawo. Sararin ya cika da fuka-fukai da kuka. Ni dai gaskiya abin da na gani ke nan, da ruwa da ya yi tsiri a bakin ciyayi, rana kuma na cikin idanunmu. Sai muryar Mamman, "Ta faɗi, ta faɗi cikin haki." Ya tura kwalekwale da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya shige ciyayin ya ɓace.

Muka zuba wa ciyayin ido. Baffa na durƙushe yadda yake, bindiga a kan gwiwa. Injin wani mai lambu ya mutu, ya sake tashi. Can ciyayin suka motsa, hancin kwalekwalen ya fito, Mamman na tsaye yana ɗage da dinya ta ƙafafu, jinin yanka na ɗiga a ruwa. Yana isowa ya jefa ta gaban Baffa, ya ce ga ta nan, sa'a ce kawai irin ta Katsinawa, shi da idonsa ya ga wata aka auna wata ta mutu.

Baffa ya ɗauke ta ya ɗora a cinya. Ya shafa bayanta, ya shafa ƙirjinta, ya daɗe hannunsa na cikin gashin. Sannan ya ɗago ya fuskanci inda Mamman yake, ya ce, "Bawana, ka iya tuƙi."

Yaya Lawal ya ɗauki bindigar, ya goge ƙasar da ta taɓa gindinta da bakin rigarsa, ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara lafiya. A lokacin na gane shi ma bai taɓa son ya ci wannan gardama ba. Bashir ya ɗora mini dinyar a hannu ya ɗauki hoton da kuka gani. Tana da nauyi kamar jariri, kuma da sauran ɗumi a jikinta.

Inna ta fige ta ita kaɗai a bayan ɗaki, ta ce ba ta son hannu da yawa. Ta yi farfesu da citta da kanumfari, aka aika wa maƙwabta ta kan katanga, aka ba mai mota wuya da ƙundu ya kai wa Mamman. Naman yana da tauri da ɗan ƙarnin ruwa, amma ban taɓa cin abin da na so kada ya ƙare kamarsa ba. Baffa ya ci kaɗan, ya tura mini sauran nasa. Ya yi ta ba mu labarin dajin yamma, na wuraren da yake cewa ko a mafarki ya je sai ya gane hanya, da rafin da shi da mahaifina suka taɓa kwana biyu suna jiran barewa. Na jingina da bango ina saurare, ban so a kira sallah ba.

Da za mu tafi ya rako mu har gindin tsamiya. Ya ce wa Bashir Allah ya yi albarka, madubi abu ne mai kyau, ya kai wa mai sauran ƙuruciya. Ni kuma ya ce in riƙa kiran wayar Lawal ana ba shi, tun da ya lura ina son surutun tsofaffi. A hanyar dawowa ban lura da shinge ko allo ba. Na shiga Kano da kwalbar man shanu, da ƙullin daddawa, da murnar cewa Baffana ya riƙe bindigarsa da idonsa. Haka na yi ta ba kowa labari.

Watan jiya matar Bashir ta haihu, Inna Hajo ta zo suna. Muna bayan gida ni da ita muna figar kaji, na ce mata har yau ban ci nama mai daɗin dinyar nan ba. Ta duba ko akwai mai jin mu. Sannan ta ce ai ita ta fige ta. Ta juya ta gaba da baya, ta ɗaga fuka-fukai, ta duba har cikin cinyoyi, babu huda ko ta allura. Yankan wuya ne kawai, sai sawun zaren ragar masunta da ya ci ƙafa ɗaya. Ba ta ce wa kowa komai ba. Tana cikin ɗora tukunya Baffa ya shigo ɗakinta da gwangwanin harsashinsa, ya ce ta ɓoye, ko shi ya roƙa kada ta ba shi.

Har yau, in ji ta, kullum da safe yana goge bindigar, ya saɓa ta a kafaɗa, ya zaga bayan gari ya dawo. Lawal bai sani ba. Harsashin na cikin kwanon da ke can ƙasan jerenta, ba a taɓa ko ɗaya ba.